Fassarar Baffa

Ni dai ba ma'abociyar kallo ba ce. In aka sa fim ɗin soyayya, kafin yarinyar ta gama zagaya bishiya na yi barci. In kuwa na faɗa ne, sai in tashi in kama tsintar shinkafa. Amma akwai wani fim guda da na kalla har na haddace shi kamar karatun allo, kuma har gobe in mata suka zauna ana musun wane fim ya fi wane, ni shiru nake yi, don nawa ba shi da suna. Kwalin da ya zo a ciki ma ba nasa ba ne. Maigidana ne ya kawo shi daga Kongolam, can bakin iyakar Nijar, cikin wasu kasakasai da wani direba ya haɗa masa da tsohon bidiyo, a shekarun farko da aka kawo shari'a jiharmu.

Sai na fara da mahaifina, in ba haka ba ba za a gane abin da ya haɗa malamar firamare, uwar 'ya'ya, da fim ɗin 'yan daba ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Baure, hanyar Babban Mutum. Mahaifina da ƙanensa fataucin shanu suke yi zuwa kurmi. Su loda a mota, su bi ta har Ikko, su sayar, su dawo da goro da 'yan kayan sawa. Ina 'yar ƙarama, ban gama wayo ba, wata shekara ƙanen ya dawo shi kaɗai. Ya durƙusa a zaure gaban dattawa ya ce, "Allah ya yi wa Yaya rasuwa. Sai haƙuri." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Aka yi salati, aka shimfiɗa tabarmi, aka karɓi gaisuwa. Babu wanda ya ce masa ta yaya, ko a ina. A wajenmu, in an ce Allah ya yi wa mutum rasuwa, to an gama magana, mai ƙara tambaya kamar yana jayayya da Mai abin ne.

Inna ta yi takabarta ta fita. Sau ɗaya tak na ji ta taɓo zancen, bayan na girma, tana shiƙar gero ina riƙe mata ƙwarya. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ni ba mutuwar ce ke ci na ba, kowa ma tafiya zai yi. An yi masa sutura kuwa? An sallace shi?" Da wannan tambayar ta koma ga Allah, ni kuma na gaje ta tare da tasoshinta.

Na taɓa gwada Baffa, wato ƙanen mahaifin nawa, ana gab da bikina. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Na tambaye shi a hankali, da ladabi, har da 'yar ƙwalla. Ya dubi babban yatsan ƙafarsa ya ce, "Uwata, Allah ya ji ƙansa." Ya tashi ya tafi duba tumakinsa. Tun dawowar nan tasa bai ƙara taka kurmi ba, bai ƙara sayen saniya ba, kuma in ka ji ya yi jimla uku a jere to addu'a yake yi.

Da aure ya kawo ni Daura, sai ya zama duk Juma'ar da ya samu hali yakan shigo gari ya yi salla a babban masallaci, ya biyo ta gidana ya ci abinci, ya kama motar ƙarshe kafin magariba. Kwana kuwa, ko da wasa. Wai shi ya kwana a gidan suruki? Ina! Maigidan nawa shi ma haka. Da ya ji sallamar Baffa zai fito ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya gaishe shi kansa a ƙasa, ya zame ya koma shagonsa na yadi. Ban taɓa ganin sun zauna a ɗaki ɗaya na tsawon shan kofin ruwa ba. Kowa yana yaba wannan kunyar, ni ma ina yabawa, ban san ita za ta ci ni ba.

To, fim ɗin. Ranar da na fara ganinsa guga nake yi, an kawo wuta da rana tsaka, na ce bari in sa wani abu ya taya ni hira. Mutanen ciki farare ne masu baƙin gashi. Ni na san Turanci daidai gwargwado, yarensu ba shi ba ne. Daga baya maigidan ya kira wani abokinsa mutumin Nijar ya saurara, ya ce ba Faransanci ba ne. Indiyanci kuwa ko akuyar Daura ta san amonsa. Haka muka haƙura, sai ido.

Wani birni ne a bakin teku, gidaje kan gidaje, kullum ƙasa a jiƙe. Wa da ƙane suka sauka daga bayan mota da jaka ɗaya tsakaninsu, kana ganinsu ka ga 'yan ƙauye, suna tafiya suna ba kowa hanya. Suka samu dako a kasuwar kifi. Wata rana suna ɗauke da ƙanƙara suka leƙa inda bai kamata ba, suka ga 'yan daban da ke riƙe da kasuwar sun kashe wani. Aka gan su sun gani. Daga nan labarin ya zama farauta.

Babu waƙa, babu rawa, babu jarumin da zai doke mutum goma hularsa ba ta faɗi ba. A finafinan da na saba gani, in aka harbi mutum sai ya samu cinyar da zai ɗora kai, ya yi wasiyya, ya yafe wa kowa, sannan ya rufe ido a tsanake. A nan kuwa faɗuwa yake yi kamar buhu, ƙafa tana shure-shure kamar ta ragon layya, bakinsa a buɗe. Wanda ya kashe shi ya goge hannu a bango, ya tsallaka titi ya sayi abinci, ya zauna yana ci, har yana yi wa mai abincin ƙorafi. Wallahi cin abincin nan ya fi kisan tayar mini da hankali. Na ƙona wa maigidan hannun riga ranar, ban ma ji ƙauri ba.

Abin da ya sa nake girmama fim ɗin nan ke nan, duk da jininsa: bai yi mini ƙarya ba. Bai yi wa kisa kwalliya ba. In ka kalli wasu sai ka ji kana son tafawa, wannan kuwa in ka gama sai ka ji kana son wanke hannu. Duk wanda ya shirya shi, ko waye shi, ko a wace duniya yake, ya taɓa tsayawa kusa da abin, ba labari aka ba shi ba.

Akwai wurare biyu da suka tsaya mini. Na farko a tsakiya. An rutsa su a kasuwa da rana, mutane cike. Ƙanen ya faɗa ƙarƙashin wata babbar mota ya kwanta, mai ɗaukar hoton ya bi shi can ya kwanta tare da shi. Ba ka ganin komai sai ƙafafu. Ƙafafun wan cikin silifa, manyan takalma sun kewaye su. Sai ka ga gwiwoyi sun taɓa ƙasa. Sai silifa ɗaya shi kaɗai. Ruwan kifin da ke gangarowa ƙarƙashin motar ya sauya launi, ya zo har ya jiƙa wa ƙanen gaban riga, shi kuwa ya cusa hannu a baki ya cije. Ƙafafun 'yan kasuwa suna ta wucewa, babu wadda ta tsaya.

Na biyun shi ne ƙarshe. Bayan ƙanen ya zauna a birnin ya zama irin 'yan daban, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya rasa kunne guda, bai samu daɗin komai ba, sai ya hau mota ya koma ƙauyensu. Matar wan tana zaune a bakin ƙofa, 'yar yarinya ta jingina da ita. Ya durƙusa gabansu, ya buɗe baki, ya yi ta magana. Ya daɗe yana yi. Hoton bai bar fuskarsa ba har ya gama. A nan fim ɗin ya ƙare. Ni kuwa na zauna da dutsen guga a hannu, don zaurenmu na gani. Bambancin kawai, namu jimla biyu ya yi ya rufe baki.

Wata Juma'a aka kawo wuta, yara suna gidan kakarsu, na sake sa shi. Bai yi nisa ba na ji sallamar Baffa. Na zabura zan kashe, don wace 'ya ce za ta bari uba ya same ta tana kallon 'yan daba, da Juma'a kuma? Sai ya ce, "Bar shi." Yana tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a waje, idonsa a kan mutanen nan biyu masu jaka ɗaya. Ya zauna a tabarma ya ce, "Mayar da shi farko."

Na mayar. Na kawo masa tuwo, bai buɗe ba. Mutanen suka sauka daga mota, wan ya juya ya ce wa ƙanen wani abu da yarensu. Sai na ji murya daga tabarma.

"Cewa ya yi, riƙe jakar nan da kyau, nan ba gida ba ne."

Na juya na dube shi. "Baffa, kana jin yarensu ne?"

"Ai a bayyane yake," in ji shi, bai ko kalle ni ba.

Da farko dariya ta so kama ni. Mutumin da ko Turancin tasha ba ya ji! Amma ya ci gaba, kuma abin mamaki, maganar tana hawa bakinsu daidai wa daida. Ƙanen ya yi magana, Baffa ya ce, "Yana cewa, Yaya, mu sayar mu koma, damina ta kusa." Wan ya amsa, Baffa ya ce, "Shi kuma ya ce, a wannan farashin? Da wace fuska zan shiga gida?" Da aka nuno kasuwar sai ya ce, "Ga kara nan." Kara dai ita ce kasuwar shanu. Na ce, "Baffa, kifi ne fa." Ya ce, "Duk ɗaya ne, Uwata. Yi shiru."

Amma sai na ankara. Mutanen fim ɗin dako suke yi, ba su da abin sayarwa. Babu damina a bakinsu, babu farashi. Baffa ba fim yake fassara mini ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru bai iya cewa "ni" ba, ya samu wanda zai ce wa "shi".

Ranar ba mu yi nisa ba aka ɗauke wuta. Ya buɗe tuwonsa ya ci, ya yi mini addu'a, ya tafi kamar babu abin da ya faru. Juma'ar da ta biyo kuwa, tun kafin ya gama cire takalmi ya ce, "Akwai wuta?"

Daga nan rayuwata ta koma jiran Juma'a da roƙon Allah a kawo wuta. Masu wutar nan, Allah ya isa tsakanina da su, ban yafe ba. Wata Juma'ar babu ita sam. Wata ta zo ana huɗuba, ta tafi ana sallame salla, sai ka ce da gayya. In ma ta zauna, fim ɗin dogo ne, ga la'asar a tsakiya, ga motar ƙauye ba ta jiran kowa. Kuma Baffa yana da wata doka da ta kusa haukata ni: ba ya ci gaba daga inda aka tsaya. Na taɓa yin dabara, na ajiye kaset ɗin a daidai inda muka kwana, na sa. Ya zauna yana kallo, bakinsa gum, kamar an sa masa kwaɗo. Can ya ce, "Uwata, ba a shiga gida ta katanga. Mayar da shi farko." Dole sai mutanen nan sun sauka daga mota, dole sai an ce a riƙe jaka da kyau. Sai ya bi hanyar tun daga tushe sannan harshensa yake warwarewa.

Amma duk bi sai ya ƙara wani abu. A bakinsa na ji cewa wan yana son shayi mai kauri, yana kuma tsoron tsallaka titi, sai ƙanen ya riƙe masa hannu. Na ji cewa a ƙarƙashin wata gada suke kwana don kada su kashe abin da za su kai gida. Na ji cewa ya sayi 'yan kunne ƙanana na yarinya ya ƙulle a bakin wando. Babu 'yan kunne a fim ɗin, na duba ya fi a ƙirga. Ranar na shiga madafa na yi kukana a gaban murhu, na wanke fuska na dawo da ruwan sha.

Sau ɗaya muka kai ƙarƙashin motar. Ina zaune ina sauraron numfashin Baffa. Mutumin fim ɗin ya cije hannu, bakinsa a toshe, ba ya cewa komai. Amma Baffa ya yi magana, a hankali, kamar mai karanta wani abu a ƙasa.

"Yana cewa, ƙafafuna ku tashi. Ku tashi mana. Suka ƙi. Yana jin Yaya yana kiran sunansa. Sau biyu ya kira, sai ya fasa, don kada su gane akwai wani."

Ban san lokacin da na sauko daga kujera na zauna a ƙasa ba. Na ce, "Daga nan fa, Baffa? Da ya fito, me ya tarar?"

Ladan ya kira la'asar. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki buta. Da ya idar da salla wutar ta tafi. Yana sa takalmi na yi ƙarfin hali na ce, "Baffa, ni na ga ƙarshensa. Yana komawa gida. Yana durƙusawa gaban matar wansa da 'yarta, ya gaya musu komai."

Ya tsaya da takalmi a hannu. "Ya gaya musu?"

"Ya daɗe yana magana."

Ya sa takalmin. Sannan ya ce, "To. In mun kai wurin, sai mu ji abin da ya ce."

Wannan alkawari ne, kuma daga ni har shi mun san alkawari ne. Na ce to, wuta ba za ta ƙara yi mini wasa da hankali ba. Maƙwabcinmu mai aski yana da ɗan ƙaramin janareto, na bi ta wajen matarsa na roƙa, ya ce bayan Juma'a ba shi da aiki, a ɗauka. Na tanadi mai. Na sami wani direba ɗan garinmu ya yarda zai mayar da Baffa gida ko bayan magariba ne. Na aika wa Baffa cewa kada ya tsaya gaishe-gaishe a masallaci. Duk wata ƙofa na toshe, sai guda ɗaya da ban ma san ƙofa ce ba.

A lokacin gari ya ɗauki wani hali. An rufe gidajen kallo, masu wa'azi suna ta magana a kan abin da ake sakawa a ɗakuna. Ni ban ƙi shari'a ba, da murna muka tarbe ta, har yau kuma ban sauya ba. Wata al'ada ce ta shigo: maimakon a ƙona kaset ɗin fim a yi asara, sai magidanci ya kwashi na gidansa ya kai wa wani mai bidiyo biyu a bakin kasuwa, a liƙe ɗan ramin da ke gefen kaset ɗin da salatif, a shafe fim ɗin a ɗora wa'azi a kai. An tsarkake gida, an kuma samu lada. Mutane da yawa sun yi, ana yaba musu.

Ashe a majalisarsu wani ya tsokani maigidana, ya ce, "Alhaji, gidanka ranar Juma'a sai ka ce barikin soja, harbi har titi." Aka yi dariya. Shi kuwa abin ya soke shi, ba don kansa ba ma, don Baffa. A ce dattijo ya taso tun daga ƙauye, ya fito daga masallaci, a tarbe shi da kashe-kashe a gidan surukinsa? Shi bai taɓa zama a ɗakin ba balle ya ji abin da ake yi. Abin da ya sani kawai, matarsa ba ta da abin sa wa tsoho sai wannan. Ya kwashi kasakasan a tsakiyar mako ina makaranta, ya kai, ya dawo da su ya jera yadda suke. Bai gaya mini ba, wai yana so ya faranta mana.

Juma'a ta zo. Janareto yana ta ƙara a tsakar gida. Baffa ya iso da wuri, da sabuwar hula, abin da ban taɓa gani ba. Ya zauna a tabarmarsa. Na ɗauko kaset ɗin, na ji wani abu mai santsi a ƙarƙashin babban yatsana, ban kawo komai a raina ba, na tura.

Sai ga wani malami a kan kujera, da littafi a gabansa, yana buɗewa da salati.

Na ɗauka kuskure na yi. Na duba kwalin, shi ne. Hannuna ya tafi zai kashe, sai na ji malamin ya fara jan aya, na janye. Wa zai katse malami yana karatu, a gaban uba? Baffa ya gyara zama, ya ce, "Masha Allah." Wa'azi ne a kan tauye mudu da algus a kasuwa. Wa'azi mai kyau, ban ce ba. Ina jin man da na tanada yana ƙonewa a waje, ni ma ina ƙonewa a ciki.

Can sai ga maigidan a bakin ƙofa, ya durƙusa, fuskarsa fal murna. Ya gaishe da Baffa ya ce, "Baba, na ga wannan ya fi dacewa da ku." Baffa ya ce, "Allah ya yi albarka. Allah ya saka da alheri." Maigidan ya zame ya tafi yana jin ya yi abin kai. Da ido yana kisa, da a ranar na shiga takaba.

Muka zauna. Aka kira la'asar, muka yi, muka dawo, Baffa ya ce a ƙarasa, ba a barin wa'azi a rabi. Malamin ya yi ta yi har ya kai addu'ar rufewa, muka shafa. Na miƙe zan cire kaset ɗin, sai hoton ya yi rawa, ya yi tsiri-tsiri, ya washe. Ashe wa'azin bai kai tsawon fim ɗin ba. Wutsiyar ta tsira.

Ga mutumin nan mai kunne ɗaya yana saukowa daga mota. Ga matar a bakin ƙofa, ga yarinyar ta jingina da ita. Ya durƙusa. Ya buɗe baki.

Na koma na zauna a ƙasa, ban yarda na yi numfashi mai ƙarfi ba. Mutumin yana ta magana. Na dubi Baffa. Idonsa yana kan hoton, hannunsa ya damƙe gefen tabarma. Na jira. Mutumin ya ci gaba, Baffa bai ce komai ba. Babu sauka daga mota da jaka ɗaya, babu kara, babu gada, an ɗauko shi daga tauye mudu an dire shi a bakin ƙofar nan ba shiri.

Da na ga fim ɗin zai ƙare na kasa daurewa. Na ce, "Baffa, me yake cewa? Don Allah, Baffa. An yi wa wan nasa sutura?"

Ya juyo ya dube ni, kallon da bai taɓa yi mini ba, ido cikin ido. Sannan ya sauke kai.

"Uwata," in ji shi, "ni ina zan sani? Ba na jin yarensu."

Hoton ya ɗauke. Ya nemi takalmansa. Direban da na tanada bai ma yi amfani ba, motar ƙarshe ba ta tashi ba tukuna.

Abin da na yi wa maigidan da yamman nan ba na rubutawa ba ne. Sai da na gaji da faɗa sannan na gaya masa dalili, abin da ya kamata a ce ya sani tuntuni, in da a gidajenmu ana zama a faɗi irin wannan. Ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Washegari bai buɗe shago ba, ya tafi Kongolam neman direban da ya haɗa masa kasakasan, ya bi masu sayar da kaset har tsallaken iyaka. Kowa ya tambaye shi sunan fim ɗin, sai ya ce na wani mutum ne a ƙarƙashin mota. Suka yi ta kawo masa wasu, mun gwada sun fi a ƙirga, duk masu jarumin da hularsa ba ta faɗuwa. Na sa wa Baffa ɗaya daga ciki, ya kalla kaɗan ya ce, "Waɗannan wasa suke yi."

Ya ci gaba da zuwa Juma'a, ya ci tuwonsa, ya yi mini addu'a. Bai ƙara tambaya ko akwai wuta ba. Daga baya ƙafa ta hana shi, sai ni nake zuwa. Na yi niyyar sake tambayarsa kai tsaye, amma duk ranar da na shirya, in na ga yadda yake duban babban yatsan ƙafarsa sai in ji tausayi ya rufe ni, in kawo zancen tumaki.

Kaset ɗin yana nan a ƙasan akwatina, bidiyon ya mutu tuntuni. Wani ɗana ya ce in ba shi, yanzu akwai hanyar da za a gano fim ɗin har a fassara mini abin da mutumin ya faɗa. Na ce ya bar shi. Me zan yi da abin da mutumin ya faɗa? Ba nasa nake nema ba.

Baffa ya rasu da kaka, ana cikin girbi. Mutane suka baro gonaki, sahu ya cika filin ƙofar gida har ya zuba a hanya. Ina daga cikin gida tare da mata ina jin kabbarorin ɗaya bayan ɗaya, na ƙirga su har huɗu. Shi dai na san an sallace shi.